Fiza a Ƙasar Hoce da Masa: Abin da Mai Ci Zai Nema Daga Fakku Zuwa Sakkwato

Fiza, wadda ake rubuta sunanta pizza a allunan shaguna, faifan kwaɓin fulawa ne da ake shafe shi da miyar tumatir, a barbaɗa masa cuku, a ɗora nama ko kayan lambu, sannan a gasa a wuta mai tsananin zafi. A Arewacin Najeriya har yanzu abincin birni ce, kuma ko a birnin ma ba kowace unguwa ake samunta ba. Mutumin Fakku, da ke ƙaramar hukumar Kebbe a kudancin jihar Sakkwato, idan kwaɗayinta ya kama shi sai ya nufi Sakkwato ko Birnin Kebbi. Daga Tambuwal kawai, tafiyar kusan kilomita 100 ce a kan babbar hanyar da ta ratsa Shagari da Boɗinga kafin a shiga birnin Shehu. Wanda ya juya ɗaya ɓangaren kuwa, Aliero da Jega ne a gabansa kafin ya kai Birnin Kebbi.

Sai dai nisan shago bai sa duk abin da ke cikin fizar ya zama baƙo a wannan ƙasa ba. Tumatir da albasa da tattasai a fadamunta ake noma su, naman a garkenta yake, gasa ƙulli mai tsami a ci shi da ɗori a kai kuwa tsohuwar sana'ar mata ce tun kaka da kakanni. Wanda ya san bambancin masar da ta tashi da wadda ta kwanta, ya riga ya mallaki ma'aunin da zai auna gidan fiza da shi, ko da bai taɓa shiga ɗaya ba.

Daga titunan Napoli

Birnin Napoli da ke kudancin Italiya shi ne mahaifar fizar da duniya ta sani. A ƙarni na 18 da na 19 abincin talakawa ce a can, ta 'yan dako da masunta da leburorin tashar jiragen ruwa. A titi ake tallarta, a tsaye ake ci. Tumatir, wanda yau ba a raba shi da ita, ba ɗan Turai ba ne. Daga nahiyar Amurka aka kawo shi a ƙarni na 16, kuma Turawa sun daɗe suna ɗari-ɗari da shi kafin matalautan Napoli su fara shafa shi a kan gurasarsu.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne na shekarar 1889, lokacin da aka ce wani mai gashi, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margherita fiza mai launukan tutar Italiya: jan tumatir, farin cuku, da koren ganyen wani dangin ɗoɗɗoya. Masana tarihi da dama suna shakkar ingancin labarin, amma sunan ya zauna daram, kuma har yau fizar da ba ta da komai sai waɗannan abubuwa uku Margherita ake ce mata, daga Napoli har Legas.

Italiyawa 'yan ci-rani ne suka ƙetare da ita Amurka. Shagon Lombardi da ke New York, wanda ake danganta buɗe shi da shekarar 1905, shi ake yawan kira na farko a ƙasar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta fita daga unguwannin Italiyawa ta zama ta kowa, sai kuma 'yan kasuwa suka mayar da ita masana'anta: Pizza Hut ya fara a Wichita ta jihar Kansas a 1958, wanda ya zama Domino's kuma ya fara a Ypsilanti ta jihar Michigan a 1960, ya yi suna da kai wa mutum abincinsa har ƙofar gida cikin kwali. Fizar Amurka ta fi kauri, ta fi yawan cuku da nama, kuma ita ce akasarin 'yan Najeriya suka fara ɗanɗanawa.

Mutanen Napoli ba su zuba ido ba. A 1984 masu sana'ar suka kafa ƙungiyar kare fizarsu ta asali, suka shimfiɗa ƙa'idoji: kwaɓi daga fulawa da ruwa da gishiri da yis kawai, a bar shi ya tashi na tsawon sa'o'i takwas ko fiye, a buɗe shi da hannu ba da muciya ko inji ba, a gasa a tanderun itace da zafinsa ya haura digiri 400, cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. A 2017 hukumar UNESCO ta sa gwanintar masu gasa fizar Napoli cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Abin lura a nan, ba fizar aka karrama ba, hannun mai yin ta aka karrama.

Yadda ta shigo Najeriya

Manyan otal-otal da gidajen abincin Kwarori 'yan Labanan sun daɗe suna yin fiza a Legas da Kano da Kaduna, amma masu cinta ƙalilan ne, galibi baƙi da waɗanda suka yi zaman Turai. Abin ya sauya ne da shigowar kamfanoni masu rassa. Debonairs, wanda aka kafa a Afirka ta Kudu a 1991, ya buɗe shaguna a Najeriya, sannan a 2012 kamfanin Eat'N'Go ya buɗe reshen Domino's na farko a Legas, daga nan rassa suka bazu zuwa Abuja da sauran manyan birane. Ba su daɗe ba suka gane cewa harshen ɗan Najeriya yaji yake nema, shi ya sa aka ga fiza mai naman kaza da yajin tsire a jerin abincinsu.

A biranen Arewa akwai wata hanya ta biyu da ta fi ta kamfanoni tasiri, wato matan da ke yin kayan fulawa a gida. Waɗanda suka saba da cincin da samosa da kek na biki sun ƙara fiza a sana'arsu, suna talla ta WhatsApp da Instagram, ɗan kabu-kabu ya kai saƙo. A Sakkwato masu saye sanannu ne: ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran manyan makarantu, ma'aikatan gwamnati da na banki, samari masu zuwa zance, da iyayen da yaransu suka ga abin a waya suka kafe sai an saya musu. Gidajen abincin zamani da gidajen burodi na manyan titunan birnin su ne sauran wuraren da ake dubawa.

Kwatanta ta da Indomie yana nuna inda gizo ke saƙar. Ita ma baƙuwa ce, ita ma alkama ce. Daga Indonesiya ta fara shigowa a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa masana'antarta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. Yau da wuya a sami teburin mai shayi a tashar mota ko bakin kasuwar ƙauye da babu ita. Ta kai ko'ina ne domin busasshiya ce, ba ta neman firji, kuma ana dafa ta a kan risho ko gawayi cikin 'yan mintuna. Fiza ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan sauƙaƙe.

Abin da ya tsare ta a birni

Na farko alkama. Ba baƙuwar shuka ba ce a ƙasar Hausa. An daɗe ana noma ta a fadamu lokacin sanyi, da ita ake alkaki da taliyar hannu da gurasa tun kafin zuwan Turawa. Amma sanyin hunturu take so, ana shuka ta wajajen Nuwamba da Disamba a girbe a Maris, kuma abin da ake samu bai taɓa kusantar buƙatar ƙasa ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Najeriya ke ci daga waje ake shigo da ita. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da ita a 1987 don a dogara da ta gida, aka janye hanin a 1992. Madatsar ruwan Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978, na cikin ayyukan da aka ɗora wa burin noman rani har da alkama, haka ma shirin bashin manoma da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, duk da cewa shinkafa ce ta fi cin moriyarsa. Saboda haka farashin buhun fulawa a Tambuwal yana bin dala ne. Yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a 2022 ya ɗaga shi, faɗuwar darajar naira daga 2023 ta ƙara masa.

Na biyu, kuma mafi wuya, cuku. Nan akwai abin mamaki, domin ƙasar Sakkwato ƙasar shanu ce, har akwai irin shanun da ke ɗauke da sunanta, wato Gudalin Sakkwato. Nono ba ya yankewa a kasuwa, man shanu ma haka. Fulani da Buzaye kuma sun san cuku: akwai busasshen nan mai fale-fale da ke shigowa daga Nijar ta iyakar Illela da Birnin Ƙonni, akwai kuma ɗanye mai laushi da matan Fulani ke daskarar da madararsa da ruwan tumfafiya. Matsalar ita ce duka biyun ba sa narkewa a wuta. Busasshen ƙara taurara yake yi, ɗanyen kuwa soyuwa yake yi ya tsaya da siffarsa. Cukun fiza, mozarela, ana yin shi ne ta hanyar barin daskararriyar madara ta yi ɗan tsami, sannan a ja ta a murɗa cikin ruwan zafi har ta yi zare-zare. Wannan jan shi ke sa ya narke ya yi yauƙi a kan fiza. A Italiya na asalinsa da madarar wani irin ɓauna na gida ake yi, amma na kasuwar duniya akasari na saniya ne.

Lissafinsa ma ba ya goyon bayan makiyayin nan. Kilo ɗaya na cuku yana cin madara wajen lita goma, saniyar gida kuwa abin da ake tatsa daga gare ta a yini bai cika wuce lita ɗaya ko biyu ba, da rani ma ya ragu. Wannan 'yar madarar tana da kasuwarta a shirye wajen masu fura. Ga kuma rashin tsaron da ya addabi dazuzzukan iyakar Sakkwato da Zamfara, wanda ya tarwatsa rugage da dama ya rage garke. Shi ya sa mozarelar da ake amfani da ita a gidajen abinci galibi daga nesa take zuwa a daskare, kuma ita ce kaya mafi tsada a kan faifan.

Na uku wuta, ta lantarki. Cuku da naman da aka yanka aka ajiye suna buƙatar sanyi dare da rana, a ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Jihar Sakkwato tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne tare da Kebbi da Zamfara, kuma duk mai shago ya san ba a ɗora firji a kan wutar gwamnati kaɗai. Sai janareta ko sola. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin tayar da janareta ya zama wata haya ta biyu. Idan aka tara waɗannan, babbar fiza guda takan ci kuɗin da ya zarce ladan yinin ɗan ƙwadago a gona. A garin da abin da mutum zai kashe a karin kumallo ƙididdigagge ne, mai jari ba zai buɗe irin wannan shago ba.

Abin da ƙasar ke gasawa

Mai neman abin gashi mai ɗori a Fakku, Kebbe, Kuchi, Dogon Daji ko Tambuwal ba zai kwana da yunwa ba. Ranar kasuwa da bakin tasha su ne gidajen abincin waɗannan garuruwa, kuma a nan ake gane gwanaye.

Hoce ne ya kamata a fara ambata, domin shi ne ɗan gida a ƙasashen Sakkwato da Zamfara, kuma mutanen gabas da yawa ba su san shi ba. Garin dawa ake kwaɓawa, a bar shi ya yi tsami, a gasa shi har bayansa ya yi ɓawo. Ana iya cin shi haka, amma daɗinsa na fitowa ne idan aka gutsuttsura shi aka yi datu: dakakken ƙuli-ƙuli, mai, yaji, albasa, wani lokaci da tumatir ko zogale. Yana riƙe ciki, ya fi tuwo jure tafiya, kuma ba ya neman komai daga waje. Duk abin da ke cikinsa, daga dawar har gyaɗar ƙulin, a gonakin yankin yake fitowa. 'Yan birni da yawa sun ɗauke shi abincin ƙauye suna raina shi, kuma wannan rainin ba shi da hujja ta fuskar ɗanɗano ko ta gina jiki.

Masa ita ce sarauniyar safiya. Ana jiƙa shinkafar tuwo, a haɗa da 'yar dafaffiya, a niƙa, a sa yis ko a bar ƙullin ya kwana ya tashi da kansa, a gyara tsaminsa da kanwa, sannan a zuba a gurabun tanda. A karkara ana yin ta gero da ta masara ma, kuma masu son tsami sun fi son ta geron. Gwanar masa ana gane ta da abu uku: gefen masarta yana da ƙamas, cikinta yana da ƙofofi kamar saƙar zuma, kuma ba ta shan mai. Masar da ta yi nauyi, cikinta ya cushe, ko dai ƙullin bai tashi ba ko wutar ta yi sanyi. Wadda bayanta ya yi baƙi alhali cikinta ɗanye ne, wutar ce ta yi yawa. Ana cin ta da miyar taushe, ko da ƙuli da yaji, ko da zuma. Sinasir, wanda aka fi danganta shi da Borno, ƙanin masa ne mai faɗi: gefe ɗaya ake gasa shi a rufe, samansa ya fito fari mai huji-huji. A siffa ya fi masa kusa da fiza, amma abincin biki da na azumi ne, ba kullum ake samunsa a tasha ba.

Wadda ta fi kowa kusanci da fiza ita ce gurasa. Fulawa ce da yis da ɗan gishiri, a faɗaɗa kwaɓin, a manna shi a jikin tanderun ƙasa da aka zafafa da itace ko kara. Kano ce cibiyarta, musamman wajajen Jakara kusa da Kasuwar Kurmi, kuma ana danganta zuwanta da Larabawan Arewacin Afirka da suka zauna a birnin lokacin fataucin Sahara. Bandashe, wato gurasar da aka ɗan yayyafa wa ruwa aka lulluɓe ta da ƙuli da mai da yaji da albasa da tumatir da kabeji, bai rasa komai na tsarin fiza ba sai cuku da komawa wuta. Masu tsire da yawa a garuruwan Arewa suna ajiye gurasa a gefen tukuba, su ɗumama ta a kan wuta ta sha man naman, a yanka tsire a kai. Duk wanda ya ci wannan da zafinsa ya ci abin da kamfanonin fiza ke ƙoƙarin kwaikwayo da fizarsu mai yajin tsire, kuma a gaskiya na mahaucin ya fi.

Nama kuwa ba a koya wa Basakkwace shi. Ƙasar jar akuya ce, wadda fatarta ta yi suna har Turai, ga tumaki uda da balami. Balangu da tsire da maraice, kilishi na guzuri. Wajajen Jega, wadda ke bakin Gulbin Zamfara, soyayyen kifi da bandararre su ne abin tsayawa. Albasar da ake yankawa a kan duk waɗannan ba ta yi tafiya mai nisa ba, domin Aliero na cikin manyan cibiyoyin noman albasa a Najeriya baki ɗaya.

Gane gidan da ya cancanci a shiga

Idan an isa birni, sunan shago da fitilun ƙofarsa ba sa nuna komai. Kwaɓi ne farko. Wasu wurare suna kwaɓa nasu su bar shi ya tashi, wasu kuwa gasassun faifai suke ajiyewa a firiza, in an yi oda a ɗora kaya a ɗumama. Tambaya ɗaya ta isa: "Malam, a nan kuke kwaɓawa?" Wanda ke kwaɓa nasa ba ya jin haushin tambayar, sau da yawa ma da alfahari zai amsa. Lokaci ma yana tona asiri. A obin ɗin gas ko na lantarki irin wanda aka fi amfani da shi a nan, daga oda zuwa fitowa akan ɗauki kwatan awa ko fiye. Fizar da ta iso tebur cikin minti uku ɗumame ce.

In ta iso, a ɗaga yanki a dubi ƙasansa. Ya kamata ya yi ja, da ɗigo-ɗigon ƙuna nan da can. Fari fat yana nufin obin bai yi zafi ba, kuma irin wannan takan zauna a ciki. Gefen ya kumbura, in an tsaga a ga ƙofofin iska. Ma'aunin masa ne dai bai canza ba. Zaƙi mai yawa a kwaɓin alama ce ta gidan burodin da ya ɗebi kwaɓin burodinsa ya faɗaɗa, abin da ya zama ruwan dare.

Miyar ta zama ta tumatir, ba jar miyar kwalba mai sukari da ake ci da soyayyen dankali ba. Cuku ya narke ya ja zare idan an ɗaga yanki. Saboda tsadarsa, wasu kan rage shi su cike gurbin da mayonis, abin ya fito da maiƙo da fari a ido amma babu yauƙi, kuma bayan yanki biyu ya gundure mutum. Masu sayarwa sun san yawan nama da tattasai da masara mai zaƙi na rufe aibin kwaɓi da na cuku, don haka mai son gwada gida da gaske Margherita zai fara nema. Ita ba ta da abin ɓuya.

Batun nama yana buƙatar tambaya. Jan tsiran naman nan da ake yankawa fale-fale a kan fizar Amurka, a can akasari da naman alade ake haɗa shi. A biranen Arewa na sa ko na kaza ake amfani da shi, amma wanda ya yi tafiya Kudu ko ƙasar waje ya tambaya kafin ya ci, haka ma duk naman gwangwani ko na leda da ba a ga tambarinsa ba.

Sai tsafta da sanyi, waɗanda suka fi ɗanɗano muhimmanci. Shagon da aka shiga aka tarar babu wuta, babu ƙarar janareta, babu alamar sola, ya kamata a yi tunanin halin da cukunsa da kazarsa ke ciki. Wurin da ciniki ke gudu ya fi aminci, domin kayansa ba sa kwana. Da maraice, bayan Magariba, lokacin da obin ya daɗe da zafi kuma jama'a ke shigowa, ya fi tsakar rana. A ci ta a wurin in da hali. Kwali yana tara tururi, cikin rabin awa ƙasanta ya yi laushi, cukun ya daskare ya zama roba. Ba abincin tsaraba ba ce. Mai doguwar tafiya cikin zafi ya sayi kilishi.

Masu yi a gida suna da nasu hukuncin. Da yawansu sun fi shaguna kula da kwaɓi domin sai an yi oda suke farawa, amma ba a ganin madafarsu. Shaidar wanda ya taɓa saya ita ce madogara, ba hoton da aka ɗora a waya ba.

Ko za a iya yin ta a Tambuwal

Ta fuskar gashi babu abin da zai hana. Tanderun ƙasa da ake hura wa itace ya fi obin ɗin gas na gida kusa da abin da mutanen Napoli ke amfani da shi, kuma maginan tukwane da masu gina tanderun burodi suna nan; abin da za a sauya kawai shi ne a yi masa shimfiɗaɗɗen ƙasa, tunda fiza kwantar da ita ake yi, ba a manna ta a bango kamar gurasa. Tumatir yana arha lokacin kakarsa ta rani, in ya yi tsada da damina akwai kauɗa, wadda miyarta ke da ƙarfin ɗanɗano. Albasa da tattasai da tarugu da nama duk a ƙofar gida suke. Ƙaramin faifai mai girman gurasa, wanda ɗalibi ko direba zai iya saye shi kaɗai, ya fi dacewa da aljihun garuruwan kan hanya fiye da babban da ake yanka wa mutum huɗu. Firjin sola, wanda masu sayar da ruwan sanyi da lemo suka fara amfani da shi a garuruwa da dama, ya rage matsalar ajiya.

Abin da ya rage shi ne cuku mai narkewa. Yin mozarela ba ya buƙatar babbar masana'anta. Yana buƙatar madarar safe da ba a tsarma ta da ruwa ba, wurin tara ta da sanyaya ta kafin ta juya, da wanda ya koyi jan ta. Wannan aiki ne na ƙungiyoyin makiyaya da masu jari da ma'aikatar kula da dabbobi ta jiha, kuma ribarsa ba ga mai fiza kaɗai za ta tsaya ba, domin matar da ke tatsa ita ce za ta fara samun kasuwa ta biyu. Muddin cukun daga nesa yake zuwa cikin firiza, fiza ba za ta yi arhar da za a sayar da ita a tashar Tambuwal ba.